Haya A Sabuwar Unguwa: A Riƙe Takarda, A Riƙe Maƙwabci

A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da kewayenta, watau kwashe iyali daga tsofaffin unguwannin da aka saba da su, kamar Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, a kai su sababbin rukunonin gidaje da a ke ta ginawa a bayan gari. Wani ya nufi Ikorodu, wani Sango-Ota, wani ya bi hanyar Badun ya sauka a Magboro ko Ibafo ko Mowe, mai ɗan ƙarfi kuma ya yi wajen Ajah. Da ma'aikacin gwamnati da ɗan canji da dillalin shanu, kowa maganarsa ɗaya ce, wai yana son wurin da 'ya'yansa za su sha iska.

Wannan buri ba abin zargi ba ne. Magidancin da ya ke son iyalinsa su sami tsakar gida tasu da banɗaki nasu ya yi tunani mai kyau. Amma fa akwai abin da mutane da yawa ba su kan lura da shi ba sai bayan kuɗi sun bar aljihu. A zango sanayya da mutunci su ke riƙe da ɗan haya, a sabuwar unguwa kuwa ba wanda ya san asalinsa balle ya ji kunyarsa. Saboda haka duk wanda zai tashi, wajibi ne ya nemi abin da zai maye masa gurbin inuwar da ya bari, abin nan kuwa biyu ne: takarda sahihiya da maƙwabtaka ta gari.

ABIN DA AKA BARI A ZANGO

Ya kamata a tuna da yadda zaman Kurmi ya faro. An kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916, Agege kuma ta cika da Hausawa ta dalilin cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa. A waɗannan wurare baƙo ba ya neman dillalin gida. Yana sauka zai tambayi gidan wane, maigidan nan kuwa shi zai ba shi masauki, ya tsaya masa wajen ciniki, ya ajiye masa kuɗinsa. Daga baya da aka soma karɓar kuɗin haya, al'adar ba ta mutu ba. Idan wata ya ƙare kasuwa ba ta yi ba, sai a nemi liman ko wani dattijo ya sa baki, a ƙara wa mutum kwanaki. Idan gardama ta yi tsanani a kai ta gaban Sarkin Hausawa. Idan maigida ya tafi Arewa ganin gida, matan gidan haya su za su duba matarsa in haihuwa ta zo da dare. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a takarda ba, amma kowa ya san hakkinsa ne.

Sai dai kuma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Waɗanda su ke zaune a ciki sun san wahalar gida mai ɗakuna suna kallon juna, inda iyalai da yawa su ke layin banɗaki ɗaya da asuba, a yi girki a soro, lambatu yana gudu a bakin ƙofa, yara sun balaga suna kwana ɗaki ɗaya da iyayensu. Har ila yau, da ya ke a zango kasuwa da gida wuri ɗaya su ke, duk wutar da ta kama kasuwa sai ta lashi gida. An ga haka a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da Shasha ta Badun a 2021. Wanda ya taɓa gudu da 'ya'ya a hannu zuwa barikin soja ko ofishin 'yan sanda, ba za a ga laifinsa ba don ya nemi raba wurin kwana da wurin neman abinci.

Fita bayan gari kuwa ba yau aka fara ba. Gwamnatin Tarayya ta gina Festac domin baƙin bikin al'adun baƙar fata na 1977, daga baya aka raba wa jama'a gidajen. Marigayi Alhaji Lateef Jakande, wanda ya yi gwamnan Jihar Ikko daga 1979 zuwa 1983, ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi a wurare kamar Amuwo-Odofin da Abesan da Iponri. Amma waɗancan ayyukan gwamnati ne, an zana tituna kafin a ɗora bulo. Yawancin na yanzu kamfanoni ne da masu kuɗi su ke ginawa don riba, sau da yawa kuma gida ya kan riga titi da magudanar ruwa da famfo isowa. To, a nan ne ido ya ke bukatar buɗewa.

KUƊIN DA BA A FAƊA A FARKO

Dillali ya kan faɗi kuɗin haya kawai, domin shi ne ke jawo mutum. A ɗauka an ce gida mai ɗaki biyu da falo naira 1,000,000 ne a shekara. Bisa ga al'adar da aka saba da ita a Ikko, dillali zai nemi la'adarsa kashi 10 cikin 100, a kuma nemi wani kashi 10 na rubuta yarjejeniya, ke nan an kai naira 1,200,000 ba a taɓa mabuɗi ba. Sa'an nan ga kuɗin ajiya da mai gida zai riƙe saboda ɓarna, ga kuɗin unguwa na masu gadi da kwasar shara da fitilun titi da man injin jawo ruwa. Waɗansu dillalan ma sai an biya su kafin su nuna gidan. Wanda ya shirya miliyan ɗaya cif, ƙarshenta sai ya ci bashi ko ya taɓa jarinsa, ɗan kasuwar da ya taɓa jari don biyan haya kuwa ya fara sayar da gonarsa don sayen hatsi.

Akwai doka a kan wannan. A 2011 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a kan dokar haya ta Jihar Ikko, wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma hana neman fiye da na wata shida daga wanda ya ke zaune yana biya wata-wata. Ta ɗora laifin a kan mai karɓa da mai bayarwa duka, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku. Ta wajabta ba da rasit, ta ba ɗan haya damar kai ƙara kotu in an yi masa ƙarin da ya wuce kima, ta kuma hana mai gida fitar da mutum da ƙarfi ko kware masa rufi. An keɓe Ikoyi da Victoria Island da Apapa da unguwar Turawa ta Ikeja daga cikinta. A 2025 Majalisar Dokokin jihar ta ɗauko wani ƙuduri na sabunta ta, don haka mai shirin biyan kuɗi ya tambayi lauya abin da ke aiki a ranar da zai biya.

Abu biyu ya kamata a kula da su game da dokar nan. Na farko, ta ce mai biyan wata-wata a ba shi sanarwar wata ɗaya kafin a tashe shi, mai biyan shekara kuma wata shida, amma fa wannan sai idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba. Watau mutum yana iya sa hannu da kansa ya yarda da sanarwar wata ɗaya alhali kuwa shekara ya ke biya. Takardar da aka miƙo da Turanci mai wuyar ganewa, ba kunya ba ce a ce a bari a kai wa wanda ya iya ya karanta ya fassara layi-layi. Na biyu, dokar Ikko iyakarta Jihar Ikko. Da zarar mota ta wuce Berger ta haye Kogin Ogun an shiga Jihar Ogun ke nan, kuma Arepo da Magboro da Ibafo da Mowe da Sango-Ota duk a can su ke, ko da mazaunansu suna cewa a Ikko su ke zaune. Dokokinsu da kotunansu na Ogun ne.

Game da dillalai kuma, labarin gida ɗaya da aka karɓi kuɗinsa daga hannun mutane da yawa, kowa ya zo da kayansa rana ɗaya ya tarar da ɗan'uwansa a ƙofa, ya sha fitowa a jaridu. Ya fi faruwa a ginin da ba a gama ba, inda a ke cewa a biya yanzu a shiga bayan wata biyu. Maganinsa ba wuya. Kada a biya kuɗin gidan da ba a gama ba. A nemi ganin mai gidan ido da ido, ko lauyansa da takardar izni. A tambayi maƙwabta da shugaban unguwa ko lalle shi ne mai shi. A biya ta banki cikin asusu mai sunan da ke kan yarjejeniya, a karɓi rasit mai kwanan wata da adireshin gida da tsawon lokacin da aka biya. Jihar Ikko tana da hukumar LASRERA mai rajistar dillalan gidaje, dillalin da ya ƙi nuna shaidar rajistarsa kuwa ya riga ya ba da amsa. A kuma duba mitar wuta, domin idan wanda ya tashi ya bar bashi, sabon shiga a kan bi. A ɗauki hoton ƙofofi da tagogi da famfuna ranar shiga, saboda ranar neman kuɗin ajiya.

HANYA DA RUWA

Araha ba ta ado. Abin da ya sa haya ta fi sauƙi a bayan gari shi ne nisa, nisan nan kuwa da kuɗi a ke biyansa kullum safe da yamma. An buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978, aikin sake gina ta da aka fara a 2013 ya ci wajen shekara goma, kuma ko bayan gyaran, tirela ɗaya ta faɗi a kan doguwar gada ta isa ta tsayar da dubban mutane. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta kai wajen naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. Mahaucin da ya ke so ya isa mayankar Oko-Oba kafin gari ya waye, ko mai tumatir da ya ke tarar motocin Arewa a Mile 12 da tsakar dare, ya zauna ya lissafa kuɗin motar shekara ya haɗa da na haya, sa'an nan ya gwada da abin da ya ke biya yanzu. Wanda aikinsa ya ke kasuwar Kara, Magboro kusa ce gare shi. Wanda shagonsa ya ke cikin tsibiri kuwa, zai riƙa fita 'ya'yansa suna barci ya komo suna barci. Mai neman gida wajen Agbado da Iju shi ya sami sauƙi, domin jirgin ƙasa na jiha da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana bi ta Agege da Ikeja da Oshodi har Oyingbo.

Sai maganar ruwa. Ɗan Arewa ya saba da ƙasa mai shanye ruwa, don haka ba ya kan yi tunanin ambaliya in ya ga fili shimfiɗe da rani. Da yawa daga cikin sababbin unguwannin nan fadama ce aka cike da yashi. Madatsar ruwa ta Oyan da ke kusa da Abeokuta, in ta cika a ƙarshen damina a kan saki ruwanta ya biyo Kogin Ogun, kuma a watan Oktoba na 2023 ruwan ya kori mutane daga gidajensu a yankin Isheri. Gani ya kori ji. A je duba gida bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, a dubi gindin katanga ko akwai zanen da ruwa ya bari, a lura ko sabon fenti ya tsaya daidai gwiwa, a tambayi mai shagon kusurwa da 'yan acaba, domin su ba su da la'ada a ciki.

A SHAWARCI UWARGIDA

Kuskuren da magidanta su ke yawan yi shi ne su yanke shawara su kaɗai, alhali kuwa ba su ne za su wuni a gidan ba. Matar da ta saba da hirar tsakar gida da adashi da 'yar sana'arta ta ƙosai ko ɗinki, in aka kai ta bayan katanga inda ba ta jin harshen kowa, an ba ta fili amma an raba ta da jama'a, ga kuma 'yan kuɗin da ta ke samu sun tsaya. Waɗansu rukunonin ma sun hana sana'a a cikin gida ƙwata-ƙwata. Haƙƙinta ne a kai ta ta ga wurin, a ji ta bakinta. A kuma bincika nisan asibitin haihuwa da makarantar boko da Islamiyya, da masallacin Juma'a ga Musulmi, da majami'ar da a ke sujada da Hausa ga Kirista. Har maƙabarta sai a tambaya, domin mutuwa ba ta sallama.

Dokokin unguwa su ma a nemi a gani a rubuce kafin a biya. Akwai inda a ke rufe ƙofa da ƙarfe kaza na dare, akwai inda aka hana kiwo, akwai inda yarjejeniya ta ƙayyade yawan mutanen da za su zauna. Gidan ɗan Arewa kuwa ba ya rabo da baƙi, yau ƙane ya zo cin rani, gobe malami ya zo ziyara, jibi mai shirin tafiya Umra ya kwana. Gara a faɗa wa mai gida gaskiya tun farko, a ce iyali mutum kaza ne, baƙi kuma za su riƙa zuwa, ragon layya ma zai kwana biyu a bayan gida. Wanda ya ce su huɗu ne aka wayi gari su goma sha biyu, shi ya ba mai gida sandar dukansa.

AMSA GA MASU CEWA A ZAUNA

Akwai dattawan da su ke ganin barin zango kasada ce. Hujjarsu ita ce, ranar da rikici ya tashi, wanda ke cikin 'yan'uwansa ya fi wanda ke shi kaɗai tsakanin baƙin ido. Suna kuma cewa waɗansu masu gidaje da zarar sun ji sunan mutum sai su ce an riga an kama gidan. Maganar nan ta biyu gaskiya ce, kuma abin takaici ne, tun da sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so cikin Nijeriya, sashe na 43 kuma ya ba shi 'yancin mallakar gida ko fili a ko'ina. Ba 'yan Arewa kaɗai a ke yi wa haka ba, sauran ƙabilu da matan da ba su da aure su ma suna kuka da shi.

Amma maganar farko tana bukatar gyara. Yawan jama'a bai hana a ƙona shaguna a Shasha ba. Abin da ya sha ceton rayuka a irin waɗannan ranaku shi ne maƙwabcin da ya buɗe ƙofarsa ya ɓoye mutum, maƙwabci kuwa ba ya ɓoye wanda bai sani ba. Don haka wanda ya koma sabuwar unguwa ya rufe ƙofa, ba ya zuwa taron mazauna, ba ya biyan kuɗin gadi sai an yi ta bibiya, ba ya gaisuwar mutuwa ko barkar haihuwa, to ya bar zango bai kuma shiga ko'ina ba. Ya kamata ya rubuta sunansa a ƙungiyar unguwa tun makon farko, ya halarci taro ko da na masu gidaje ne suka fi yawa, ya koyi gaisuwar Yarbanci ya koya wa 'ya'yansa, ya aika wa maƙwabta naman Sallah, su ma in sun aiko da abincin bikinsu ya karɓa da fara'a. Musulmi ba zai rasa 'yan'uwa ba, domin Musulunci tsoho ne a ƙasar Yarbawa, ƙungiyar Ansar-Ud-Deen ma tun 1923 aka kafa ta a Ikko. Sahu ɗaya a masallacin unguwa ya fi doguwar katanga amfani.

Kowa kuma ya sani cewa ba kansa kaɗai ya ke wakilta ba. Ɗan haya ɗaya da ya biya kan lokaci, ya bar gida da tsabta, ya buɗe wa mutum goma ƙofa a bayansa. Wanda ya gudu da bashi ko ya bar gida kamar kango, ya rufe ta.

KIRA GA SHUGABANNI

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin 'yan Arewa suna da aiki a nan. Bai kamata su ɗauki mai tashi kamar wanda ya yi musu tawaye ba. Abin da ya dace shi ne kowace babbar kasuwa ta samu lauya ko wani mai ilmi da zai riƙa karanta wa mutane yarjejeniya kafin su sa hannu, a riƙe sunayen dillalan da aka gwada aka ga amanarsu, a kuma riƙa ba mai neman gida takardar shaida da zai nuna wa mai gidan da ke shakka. A sanar da jama'a cewa Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Ikko tana da cibiyar sulhu inda a ke sasanta mai gida da ɗan haya kyauta, ba sai an kai ga kotu ba. Iyalan da suka sauka a yanki ɗaya su san juna, su haɗa kuɗi su ɗauki malamin da zai karantar da yara, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shi kuma magidanci kada ya yi gaggawa don ya ga wane ya tashi. Ya lissafa kuɗi gaba ɗaya, ya ga gida da damina, ya ji ta bakin iyalinsa, ya karanta kafin ya sa hannu, ya adana rasit kamar yadda ya ke adana takardar gonarsa ta gida. In lissafi bai fita ba, zama a inda a ke ba abin kunya ba ne har Allah ya hore. In kuwa ya fita, ya tafi da zuciya ɗaya, ya zama ɗan unguwa na sosai, kada kuma ya yanke zumunci da inda ya fito.

Allah ya ba kowa muhalli mai albarka da maƙwabta na gari, amin.